Farar Ƙasar Ɗakin Amarya

A can wani zamani, an yi wata tsohuwa a wani ƙauye na bakin teku. Kusa da gidanta akwai wani dogon dutse. Duk shekara takan shafe shi da farar ƙasa, don matuƙa jirage su hango shi tun daga nesa, su kauce wa duwatsun da ke ɓoye cikin ruwa. Matuƙa kan ce, "In ka ga fari, ka ga gida."

Ana saura kwana uku bikin jikarta, sai aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya wanke dutsen tas. Ga shi farar ƙasar da ta rage ƙwarya ɗaya ce, wadda aka ajiye don shafe ɗakin amarya.

Jikar ta ce, "Kaka, in kika kai wa dutse, da me za a shafe ɗakina?"

Tsohuwa ta ce, "Ɗaki ko bai sha shafe ba, ba ya kifar da jirgi, 'yar nan."

Sai jikar ta ɗauki ƙwaryar da kanta. Suka hau tare, suka shafe dutsen ya yi fari fat.

Ranar biki jiragen baƙi bakwai suka iso lafiya, matuƙa na waƙa, "Mun ga fari, mun ga gida." Da suka ji abin da ya faru, sai suka bazama bakin ruwa, suka tsinto fararen katantanwa, mata suka manna su a bangon ɗakin har yana ƙyalli.

Tsohuwa ta leƙa, ta tuntsire da dariya, ta ce, "Rufe ƙofar nan, 'yar nan, kada jirage su nufo ɗakinki."