Rabon Uwar Ƙasa

Kafin Sufeto Eleuterio Sallo ya iso masaukin da ke kan hanyar dutsen Salkantay, an riga an yanke hukunci. An kulle mai alfadarai a sito, kuma labari ya gangara ƙauye cewa shi ya kashe Fortunato, mai yi wa baƙi jagora.

"Dangin mamacin suna tafe da sanduna, Yallaɓai," in ji manaja Renzo, mutumin babban birni Lima. "Ka tafi da shi tun da wuri. Baƙina kufan tsohuwar daular Inka suka zo gani, ba jini ba."

"Wa ya ga ya kashe shi?"

"Kowa ya ji rigimarsu jiya."

"Gani na ce maka, ba ji ba."



Gawar tana gindin doguwar katangar kufai, kai a fashe. Sufeto ya hau sama, inda aka faɗo. Ya tarar da kwalbar giyar masara da kofi ɗaya. Ya tsuguna. A ƙasa akwai tabo biyu suna fuskantar juna, tururuwa ta rufe su.

Ɗan tsaunukan nan ba ya kai giya baki sai ya ɗiga wa Uwar Ƙasa nata a gabansa. Tabo biyu, mutum biyu ke nan. Wani ya ɗauke kofinsa, amma bai iya ɗauke al'adarsa ba.

A sito, mai alfadarai Bernabé Tupayachi yana zaune kan buhu, hularsa a gwiwa.

"Baba, me ya haɗa ku da Fortunato?"

"Kaya, Yallaɓai. Buhunan kicin su hau da dankali, su sauko da nauyin da ya fi na hawa. Sun ji wa alfadarata ciwo a baya. Na ce masa ya bincika, ya ce in yi harkar gabana. Na zage shi, ya zage ni."

"Daga nan kuka shirya, kuka sha?"

Tsohon ya dube shi kamar an mare shi. "Ni? Tun da na shiga cocin 'yan wa'azi ban sha ba, ban zuba wa ƙasa ba. Tambayi ƙauye. Har 'ɗan'uwa mai ruwan sanyi' suke ce mini."

"Wa ke ɗaure buhunan?"

"Kuku."

Kuku Hilario Ccahuana yana yanka albasa, idonsa ja. Shi ya riƙe ɗan Fortunato ranar baftisma, ya faɗi haka tun ba a tambaye shi ba.

"Jiya da la'asar kana ina?"

"Ga ni ga tukunya, Yallaɓai. Turawa ba sa jiran miya."

"Manaja ya ce abincin ya makara."

"Icce ne ɗanye."

Sufeto ya kalli murhun. Na gas ne. Ya sa aka kira manaja, ya buɗe kwalbar da ya sauko da ita, ya zuba kofi biyu.

"Ku sha don ran mamaci."

Renzo ya yamutsa fuska, ya kurɓe nasa. Hilario ya karɓa, hannunsa ya karkata da kansa, giya ta ɗiga a kan siminti. Sai ya ga inda Sufeto yake kallo.

"Ma'aikata uku ne a nan jiya ban da mamaci," in ji Sufeto. "Ɗaya ba ya sha. Ɗaya ba ya zubawa."

"Kowa a ƙasar nan yana zubawa!" in ji Hilario. "Makiyayi nawa ke bin hanyar nan?"

"Gaskiyarka. Kofur, kwance mana buhun can."

Kofur, 'yar sandar da ta zo tare da Sufeto, ta zazzage shi. Ɓawon dankali ya zubo, sai tsummoki, sai tsofaffin tukwane masu zane, ƙasar kabari tana manne da su.

Hilario ya ajiye wuƙar, ya zauna a ƙasa.

"Fortunato ya bincika, ya gano ramin da nake tonawa. Na kai masa giya in roƙe shi. Na ce, 'Uban ɗan da na riƙe, rufa mini asiri.' Ya sha giyata, ya ce zumunci daban, kakanni daban, gobe zai kai ni ƙara. Ya miƙe. Hannu ɗaya kawai na sa masa."

"Kuma da aka kulle Bernabé?"

"Ni na ba su makullin."

Hayaniya ta cika tsakar gida. Sufeto ya buɗe sito da kansa, ya kama hannun tsohon, suka fito tare. Ƙanen Fortunato ya ɗaga sanda.

"Ba mu shi, Yallaɓai!"

"Shi ya fara ganin abin da ya kashe yayanka. Sauke sandar."

Kofur ta fito da kuku da ankwa. Jiya da yamma Hilario ne ya aika musu da sunan mai alfadarai, haɗe da ta'aziyya.

Ƙanen ya juya ga Bernabé, ya cire hula.

"Baba... za ka sauko mana da gawarsa?"

Tsohon ya daɗe yana kallon sandunan.

"Ku ajiye waɗannan tukuna," ya ce. "Dabbobina suna tsoro."