Ruwan Zafi a Murhun Bature

Gidan da nake wa shara a Alƙahira, wani Bature ne ya gina shi irin na ƙauyensu a Ingila: jan bulo, rufi mai tsini, da murhun jin ɗumi a falo. Hukuma ta sa shi cikin gidajen tarihi, ko ƙusa ba a cirewa. Shi ya sa ba mai taɓa murhun, duk da warin mushen da yake fitarwa.

Ran nan da magariba warin ya ishe ni. Na tafasa ruwa na sheƙa a ciki, ko bismillah ban yi ba.

Ina juyowa sai ga wata tsohuwa zaune a kan matakala.

"Dije," ta ce da Hausa, "ba a gaya miki an hana taɓa komai a gidan nan ba?"

"Ma'alish, yi haƙuri, Hajiya. Ta ina kika shigo?"

Sai ta nuna murhun. Tururi na tashi daga jiƙaƙƙen gashinta, fatar hannunta tana saɓulewa, tana faɗowa kan katakon da na goge da safe.