Takardar Murabus Da Ban Rubuta Ba

Sau uku ina ɗora katina a ƙofar kamfani, sau uku jar wuta tana kamawa. Mai gadin da ya san ni shekara huɗu ya duba kwamfutarsa, ya sunkuyar da kai, ya ce an cire sunana. Wai na ajiye aiki.

Ina tsaye ma'aikata suna ratsa ni, sai ga Dogo ya fito daga lif. Dogo shi ne wanda saura sati uku a ɗaura mana aure. Sashe ɗaya muke, mu ke kula da manhajar da dubban mutane ke kiran mota da ita. Satin da ya wuce aka ba shi shugabancin sashen, dokar kamfani kuwa ta hana shugaba auren wadda ke ƙarƙashinsa. Dole ɗayanmu ya matsa, kuma mun yi da shi za mu zauna mu yi shawara.

Ya ja ni bayan tukwanen fulawa.

"Sanyin idona, kar ki ɗaga murya..."

"Wa ya rubuta takardar?"

"Sauƙaƙa miki na yi. Na san ba za ki iya ba."

Sai a lokacin na tuna. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, da bakina na ba shi lambar sirrina don ya tura mini wani aiki.

Ya yi ta zuba kamar kanya, wai mahaifiyarsa ba ta son suruka mai yini a ofis, wai ya je wurin Abbana, har Abba ya sa albarka.

"Ni na koya maka aikin da aka ɗaga ka a kansa, Dogo."

"Shi ya sa nake so ki huta." Murmushinsa ya ɓace. "Kina hawa sama kika faɗa musu gaskiya, korata za su yi. Kin sani."

A gabansa na kira Abba. Ina jin ƙarar kekensa na ɗinki, ya ce ai yaron cewa ya yi ni na nemi haka. Da na ce ban nema ba, keken ya tsaya cak.

"Uwata, kada ki amsa ƙarya, ko da ta mijinki ce."

Gwaggo, yayar Abba, ta fizge wayar. Ta ce an riga an sanar da dangi, in rufa musu asiri, kwamfuta ba ta taɓa zama mijin kowa ba. Na kashe wayar, na roƙi mai gadin ya bar ni in hau sama.

A hawa na bakwai, cikin ɗakin gilashi, shugabar kula da ma'aikata ta juyo mini da takardar. Ta yi kyau, wallahi. Har irin gaisuwar da na saba rufe saƙo da ita ya sa.

"Ke kika rubuta wannan?"

Ta cikin gilashin ina hango shi tsaye, leɓɓansa suna motsi. Don Allah, yake cewa. Mutumin da na fi so ke nan duk duniya...

"Ba ni ba ce."

Kafin azahar masu gadi biyu suka rako shi, yana rungume da kwalin kayansa. Ya tsaya a teburina, idanunsa jajir.

"Kin zaɓi kujera a kaina."

"Kai ka fara zaɓa."

Na zare zoben da ya ba ni, na jefa cikin kwalin. Bai waiwayo ba.

Abokan aikinmu duk suka toshe kunne da abin sauraro, kowa ya duƙufa kamar ba a yi komai ba. Saƙonni goma sha huɗu suna jirana, ga taro ƙarfe biyu. Na buɗe na farko, haruffan suna iyo cikin hawaye. Na goge idona da gefen mayafi, na fara amsawa.