Yatsa a Ƙofar Analog

Dab da magariba aka kira mai gyara ya duba allon da ke nuna lambar masu jira a wani tsohon asibiti. Mutane sun watse, sai Iya mai shara da bokitinta.

Ya sauke allon kan benci, ya zare wayoyinsa, ya bar ta wuta kawai. Akwatin da ke sarrafa hoton a bayan allon ƙofa biyu gare shi, wato ramukan da ake cusa waya. Ta dijital akwai tsantseni, ba ta karɓar saƙo sai ta tantance mai aikowa. Ta analog kuwa ba ruwanta, duk abin da ya taɓa ta sai ta haska shi. Ita ce wani ya cusa wa tsumma.

"Ɗan nan, wanda ya toshe wurin ba wawa ba ne," in ji Iya ƙasa-ƙasa.

Ya yi kunnen uwar shegu, ya zaro tsumman. A jiƙe yake, yana wari kamar naman da ya kwana a leda.

To, mutumin naku yana da wata ƙazamar ɗabi'a da ya gada wajen maigidansa. In zai gwada ƙofar analog sai ya lashi yatsa ya dangwala ƙarafunan ciki. In layuka suka yi rawa a allo, tana da rai.

Ya lasa. Ya dangwala.

Layuka suka yi rawa, suka haɗu, suka zama baki. Baki kawai, babu fuska. Leɓɓa kumburarru, dasashi baƙi, yawu na dalala.

Wani abu mai ɗumi ya naɗe masa yatsa a cikin ramin.

Harshe ne.

Aka fara tsotsa. Tsut, tsut, a natse, ana jin daɗi. Yauƙi ya gangaro masa har gwiwar hannu. Ya fizga, aka ƙara haɗiye gaɓa ɗaya.

"Iya," in ji shi, "baƙar wayar can."

Ta miƙo masa wayar dijital ɗin da ya zare ɗazu, tana karanto addu'a. Da hannun hagu ya laluba ya cusa ta a ƙofar dijital. Akwatin ya yi ƙit, ya koma kan saƙon da ya sani. Lambar masu jira ta fito.

Aka tofo yatsan.

Ya fito fari fat, a yamutse, babu farce. Mai gyara ya durƙusa kan bokitin Iya ya amayar da duk abin da ke cikinsa.

Sabulu, toka, turare, babu wanda bai gwada ba. Warin na nan, kuma kowace magariba yatsan yakan jiƙe da kansa. Ya koma ci da cokali, yana ƙyamar hannunsa. Wannan duk ya jure.

Wata safiya ya miƙa wa ƙaramar 'yarsa hannu za su tsallaka titi. Ta dubi yatsan, ta toshe hanci, ta zagaya ta kama gefen rigarsa.