Jan Allo a Ƙofar Katafila

Magariba ce, ana yayyafi, gajimare ya sauko har cikin ramin da muke fasa dutse. Kowa ya tafi, saura ni kaɗai zan canza tiyon man da ke ɗaga hannun katafila. Don sauri sai na bar hannun da bokitinsa a ɗage, na shiga ƙarƙashi da sifana.

"Kai samari, wane sakarai ne ya koya maka aiki?"

Wani tsoho ne a bayana, da hular kwano irin ta da. Muryarsa kamar daga rijiya take fitowa.

Na ce, "Sannu Baba, yanzu zan gama."

"Za ka gama kam! Fito ka sauke bokitin ƙasa, ka bar man ya huce, ka cire kan batir. Kowanne ka nuna shi da yatsa, ka faɗa da baki."

Na fito. Ban yi taku uku ba tiyon da na sassauta ya fizge, hannun ya rikito daidai inda nake tsugune ɗazu.

Sai na lura ruwa bai jiƙa rigar tsohon ba, laka kuma ba ta ɗauki sawunsa ba.

Ya wuce ni, ya rataya wa ƙofar direba jan allon da bakanike ke sawa don kada a tayar da inji yana ƙarƙashi. Nawa na manta.

Karatuna kaɗan ne, amma na gane sunan da ke rubuce a allon. Kuwabara. Shi ne sunan mamacin da ke jikin dutsen tunawa na bakin hanya, inda muke ajiye furanni duk shekara.