Takalman da Unguwa Ta Saya

Ranar da Barewa ya fara shiga rumfar gyaran takalma, a leda ya ɓoye takalman gudunsa kamar kayan sata. Auta ce ke tsaron rumfar, babanta ya fita. Kallo ɗaya ta yi wa ƙafarsa ta ce, "Malam, waɗannan ai ba naka ba ne."

"Nawa ne," ya ce a hankali. "Unguwa ce ta saya min. Sun yi min kaɗan."

Kowa ya san zancen. Daga mai shago har tsohuwa mai wankau, kowa ya sa hannu don ɗan unguwa ya je gasar tsere. Shugaban kwamitin unguwa da kansa ya zaɓo takalman, bai tambayi lambar ƙafa ba, har taro aka yi aka miƙa su. To, da wane baki Barewa zai ce an yi kuskure? Wata uku ke nan yana atisaye a haka, farcensa biyu sun fita.

Auta ta cusa musu katako, suka ɗan buɗe. Daga nan rumfar ta zama hanyarsa.

"Likitata," ya rubuto mata, "yau ƙafa da sauƙi, zuciya ce ta kumbura."

"Wannan kam ba ni da katakonta," ta mayar masa tana murmushi.

Da zancen aure ya taso kuwa, Baban Auta ya ce mata sam. "Wanda unguwa ke saya wa takalmi, da me zai riƙe ki?"

Barewa ya rasa mafita. In ya yi magana ya kunyata mutanen da suka tsaya masa, in ya yi shiru ƙafar ta tafi, gudun ma ya tafi. Saura mako guda gasa, Auta ta ga safarsa jage-jage da jini. Ba ta shawarci kowa ba, ta kwashi safa da takalma ta dire a gaban kwamiti. Shugaba ya sunkuyar da kai.

"Kin tona min asiri," Barewa ya rubuto. Kwana uku bai leƙo ba, ta yi kuka har ta gaji.

Ashe Baba yana wurin taron. Ya farke takalman, ya ƙara musu fata ta gaba, sannan ya aika a kira Barewa.

"Sa mu gani, yaro. Wanda ya jure wannan azaba don kada ya kunyata maƙwabtansa ba zai kunyata 'yata ba. Sana'a kuma, ga rumfa."

Barewa ya dubi Auta, idonsa ya cika. "Ki yafe min, Likitata."

Na uku ya zo a gasar, amma unguwa ta ɗaga shi sama kamar shi ya ci kofi.

Da bikinsu ya matso, shugaban kwamiti ya ce shi zai sayi takalman ango. Baba ya zaro igiyar awo ya miƙa masa.

"Allah ya ba su zaman lafiya, Shugaba. Amma durƙusa ka auna tukuna."