Bargon da Aka Ɗinka wa Yatsu

"Kin wanke su?!"

Ta ɗago kai daga kan keken ɗinki. Auta ne tsaye a ƙofar shagon, ko sallama bai yi ba, abin da bai taɓa yi ba a shekara biyun da ya shafe yana neman aurenta.

"Wa alaikumus salam," ta ce, da ɗan murmushi. "Yau kuma sallamar a aji ka baro ta, Malam?"

"Kayan Inna... Don girman Allah ki ce min ba ki wanke su ba."

Murmushin ya gushe. Ta waiwayi teburin yanka.

Sana'arta ke nan, ɗinka bargon tunawa. Mutane kan kawo mata tufafin wanda ya riga mu gidan gaskiya, ko rigunan da yaro ya girme wa, ta yayyanka su ƙyalle-ƙyalle, ta harhaɗa su zama bargo guda. Kwana huɗu da suka wuce Auta ya kawo mata akwatin mahaifiyarsa, wadda Allah Ya karɓi ranta wata bakwai baya. So yake a yi wa mahaifinsa bargo kafin ɗaurin aurensu, da saura wata guda.

"Ai ka san ƙa'idar aikina," ta ce. "Ba na sa almakashi a tufa sai na wanke na goge. In ba haka ba, ran da aka wanke bargon wani ƙyalle ya tsuke, wani ya saki."

Ya zauna bisa benci, ya dafe kai.

"Baba bai san na ɗauko ba."

"Inna lillahi... Na tambaye ka! Ka ce min kowa ya yarda!"

"Yayyena nake nufi. So na yi ya zamar masa kyautar ba-zata." Ya ɗago ya dube ta. "Ashe kullum in na fita makaranta yakan buɗe akwatin nan, ya ɗauki mayafinta ya kifa fuskarsa a ciki. Kin san idonsa ya dushe, hotonta ma ba ya gani. Ƙamshin nan ne kaɗai ya rage masa. Kwana uku yana kwance da zazzaɓi, yau ya samu ƙarfi ya lalubi akwatin, babu."

Ta ɗauki ƙyalle guda daga teburin ta kai hanci. Sabulu ne kawai, da zafin guga.

"Me ya ce?"

"Na faɗa masa laifina ne. Ya ce ni ɗansa ne, ba shi da yadda zai yi da ni. Amma wadda ta wanke masa matarsa..." Ya kasa ƙarasawa.

"Faɗi."

"Ba za ta shigo gidansa ba yana raye."

Ta ajiye ƙyallen da ke hannunta.

"Kai kuma me ka ce?"

"Farin cikina... mahaifina ne."

"Na sani." Hawaye suka zubo mata, amma muryarta ba ta karye ba. "Da ka ce za ka saɓa masa, da ni zan ƙi ka. Ba za a ɗaura min aure a kan kukan dattijo ba. Tashi ka je ka zauna kusa da shi."

"Ke fa?"

"Ni ina da Allah. Tafi, kar ka ƙara min."

Ya tafi. Ta rufe shago, ta yi alwala, ta yi raka'a biyu, ta daɗe goshinta a ƙasa. Ba ta roƙi a mayar mata da shi ba. Gafara ta roƙa, domin ta yarda ita ma da nata sakaci. Amanar mamaciya aka ba ta, ta karɓa ba tare da ta ji daga bakin mijin marigayiyar ba.

Kwana biyu ba ta taɓa ƙyallayen ba. A rana ta uku ta ga cewa barin su a warwatse wani laifin ne a kan na farko. Ta shimfiɗa su tana jera launi da launi kamar yadda ta saba, shuɗi kusa da fari, ja nesa da kore. Can hannunta ya tsaya.

Wa zai ga launin?

Ta jawo kwandon da ke ƙarƙashin tebur. A nan take zuba abin da ba ya shiga bargo, wato wuraren da suka sha faci, da wuyan riga da ya goge, da bakin mayafi da ya zaizaye. Ta juye shi a ƙasa. Ta ɗauki hannun wata shuɗiyar riga, ta lumshe ido, ta bi shi da yatsa. Faci ne babba, ɗinkin hannu, kuma a ƙarshen kowane layi akwai ƙulli uku a jere. Ta duba wani, ƙulli uku. Ta duba wani, haka.

Ta warware duk abin da ta jera. Abin da ta saba ɓoyewa shi ta fitar a fuska. Ta bar maɓallai a mazauninsu, ta bar aljihu a buɗe, ta jera facin marigayiyar a bakin bargon ta sama, daidai inda hannun mai kwanciya ke sauka. Keke bai taɓa wurin ba, da allura ta bi shi, don kada ƙafar keke ta danne ƙullin. Kwana goma sha biyu ta yi. A idon mai gani, ba ta taɓa ɗinka bargo mai muni kamarsa ba.

Da hantsi ta kai shi gidan su Auta da kanta. Auta yana makaranta. Ta tarar da Baba zaune a kujera kusa da taga, carbi a hannu, ya rame ƙwarai. Ta yi sallama ta durƙusa.

"Wace ce?"

"Ni ce, Baba. Mai ɗinki."

Carbin ya tsaya.

"Yarinya, ban aika a kira ki ba."

"Haka ne, Baba. Ba maganar aure ta kawo ni ba, wannan na bar wa Allah. Kayan Inna na dawo da su, haƙƙinku ne. Na yi muku ɓarnar da ba zan iya gyarawa ba, ku yafe min ko don ranar gobe."

Ta ɗora bargon bisa gwiwoyinsa. Ya ɗaga gefe ya kai hanci, ya daɗe, sannan ya sauke.

"Babu ta a nan."

Ya sa hannu zai ture. Sai babban yatsansa ya ci karo da wani abu. Ya tsaya. Ya koma baya, ya sake bi.

"Ɗaya... biyu... uku." Ya sake shafa ƙullin. "Shekara arba'in da ɗaya ina yi mata tsiya kan ƙullin nan. In ce, baiwar Allah, riga kike ɗinkawa ko raƙumi kike ɗaurewa? Ta ce ita ba ta son abin da zai sake rabuwa."

Yatsunsa suka ci gaba da tafiya, suka tsaya kan babban facin.

"Wannan fa? Ban san shi ba."

"Hannun wata shuɗiyar riga ne, Baba. Wuta ta taɓa cin sa, daga wuyan hannu har gwiwa."

Ya bi facin da yatsa tun daga wuyan hannu har gwiwa.

"Shekarar da idona ya fara tafiya na ture risho da ƙafa. Na ji ƙauri. Na ce, kin ƙone? Ta yi dariya, ta ce tsumma ne." Ya damƙe facin. "Sati biyu tana miƙo min ruwa da hannun hagu, ban tambaya ba... Ya Allah, Ka jiƙanta. Ya Allah, Ka sanyaya mata kamar yadda ta sanyaya min."

Dattijon ya yi kuka, ita ma ta yi, tana durƙushe ba ta motsa ba.

"Ɗiyata," ya ce daga bisani, "bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa ɗana ba. Tun wata biyu ƙamshin ya fara gudu. Kullum in buɗe akwati in tarar ya ragu. Na ji haushin ƙaddara, na ji tsoron in faɗa, sai na sauke a kanki. Astagfirullah. Ni ne zan roƙe ki gafara."

"Baba, don Allah..."

"In wancan mai gaggawar ya dawo, zan ce masa kada a ɗaga ranar."

An ɗaura auren a ranar da aka sa, ba tare da wani taro mai yawa ba. Ta shigo gidan, ta riƙa kai wa Baba ruwan alwala, tana tarar da shi da bargon bisa gwiwa ko da ana zafi, babban yatsansa kan ƙullin. Wata uku bai cika ba Allah Ya yi masa rasuwa, wata safiya, a kan kujerar nan ta kusa da taga.

Bayan an watse daga zaman makoki, Auta ya ɗauko bargon ya miƙa mata. Bakin bargon na sama ya yi duhu saboda yawan shafa, kuma ƙamshin man da Baba ke shafawa a gemu ya kama shi ko'ina.

"Ya yi datti," ya ce. "Ko za ki..."

Ta karɓa ta rungume, ta kifa fuskarta a ciki.

"A'a, Malam," ta ce. "Wannan ba za a wanke shi ba."